Shinkafar Maryam da Ƙeyar Gwaggo

Tun da muka dawo daga Jidda ban huta ba. A lekol, makarantar da nake koyarwa, 'yan'uwana malamai sun tsare ni, a unguwa mata sun tsare ni a bakin famfo, kowa da tambayarsa. Yaya jirgi, yaya teku, da gaske ne Ummarun Gwaggo Baturiya ya auro? Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura duk wadda na ba sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai wa ta gaba. Shekaranjiya na ji ana cewa wai matar da cokalin zinariya take cin abinci. To, gara in rubuta da hannuna, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Gwaggo Nana ƙanwar mahaifina ce. Ta bar Damagaram tana amarya, ita da mijinta, suka bi ta Sudan a ƙasa tun kafin a haife ni, ba ta kuma sake dawowa ba. Mijin ya rasu a can ya bar ta da Ummaru, ɗanta na fari, wanda shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yanta. Ummaru yana aiki a jiragen ruwa masu kawo shinkafa daga Amirka. Alhazai suka zo mana da saƙo cewa ya yi aure a can ƙasar shinkafar, kuma Gwaggo tana son ganin wani na gida kafin ta mutu. Gwaggo kan aiko da irin wannan saƙon kowace shekara, alhali har gobe ta fi ni lafiya. Amma a wannan karon maigidana Malam Habu ya ce idan an ba da hutu mu tafi, mu yi umra, mu gan ta.

Kamyo, babbar motar kaya, muka shiga zuwa Kano. Matan dangi sun ɗaure wa Gwaggo tsaraba, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da kanwa, kuma ni aka ɗora wa ƙunshin a cinya. Malam Habu ya samu wuri kusa da wani rago, suka yi tafiyar nan kafaɗa da kafaɗa, ragon yana cin gezar rawaninsa a hankali. A kan iyaka, jami'in ɓangarenmu ya yi mini tambayoyi da Faransanci, na ɓangaren Najeriya ya yi mini da Ingilishi, alhali na ji su duka biyun suna gaisawa da direba da Hausa tsantsa. Na wancan ɓangaren ya kwance ƙunshin, ya shinshina daddawar, ya tambaye ni ta wane gari ce. Da na faɗa masa sai ya ce ta mahaifiyarsa ta fi ta ƙarfi. Na ce Allah ya ƙara mata ƙarfi, ya yi dariya ya ɗaure mini kayana.

A Kano mun sauka a Fagge, gidan wani mai saukar da baƙi, muna jiran allurar rigakafi da jirgi. Ban ga laifin Kanawa ba, sai dai ko gaisuwa suke yi da kai sai ka ji kamar ciniki ake. Matar gidan ta taɓa zanena ta tambayi kuɗinsa kafin ta tambayi sunana. Amma tuwonta yana da daɗi, kuma ranar tafiyarmu ta raka ni har bakin titi tana hawaye kamar tare muka tashi.

A jirgi wata tsohuwa Bagobira ce ta zauna kusa da ni. Tun da injin ya fara ruri ta damƙe hannuna tana salati, ba ta sake ni ba sai da aka kawo abinci. Shi ma ba ta ci ba, ta juye shi a gefen mayafinta ta ƙulle, wai jikokinta ba su taɓa cin abincin sama ba. Na tuna mata cewa Makka za ta, ba gida ba. Ta ce ai ba lalacewa zai yi ba.

Da aka buɗe ƙofar jirgi a Jidda na zaci wani ne ya buɗe tukunya a fuskata. Zafinmu na gida busasshe ne, ya ƙona ka ya bar ka. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana bin ka har cikin riga. Ummaru yana jiran mu a waje, dogo, fuskarsa sak ta mahaifina. Ban taɓa ganin sa ba, amma ɗan gwaggo abokin wasa ne ko a ina aka haife shi.

"Marhaba, Dije!" ya ce. "Yalla, ku shiga sayyara, halas an gama da takardu."

Na ce, "Bawana, haka Hausar taka ta koma? Rabi Larabci, rabi Allah ya sawwaƙe?"

Ya ce, "Ke da kika zo da warin daddawa har jirgi, ke ce mai magana?"

Gidansu yana Waziriyya, unguwar ƙananan gidaje da ƙananan shaguna. Idan ka rufe ido ka saurara sai ka rantse kana Zangon Damagaram, don Hausa ake yi ko'ina, ta waɗanda aka haifa a nan, da ta waɗanda suka zo daga Sudan, kowa da irin lanƙwasar harshensa. Gwaggo 'yar ƙarama ce, muryarta ce babba. Ta rungume ni tana kuka tana cewa "Uwata, Uwata," don sunan mahaifiyarta aka sa mini. Sai da ta kwance daddawa ta shaƙa ta lumshe ido, sannan ta tambayi lafiyar yayanta.

Sai matar Ummaru ta fito da ruwa. To, ku da kuke cewa Baturiya, ku saurara. Baƙa ce, ba ta fi ni haske da yawa ba, doguwa, ga ciki ya fito sosai. Daga wani yanki take mai suna Luwiziyana, ƙasar fadama da shinkafa, ta tashi cikin wasu mutane da ake ce wa Kajan. Ta musulunta kafin auren, ta ɗauki sunan Maryam. Ba ta jin Hausa, Larabcinta bai wuce halas da shukran ba, Ingilishi take yi da mijinta, shi kuwa yana tashar jiragen ruwa daga safe har yamma. Na juya na ce wa Malam Habu wani abu da Faransanci don kada a ji, sai na ga ta tsaya cak da farantin ruwa a hannunta. Ashe mutanensu Faransanci suke yi a gida. Nata irin na tsofaffin manoma ne, nawa na aji, amma mun ji juna. Ta ajiye farantin ta riƙe hannuna da hannu biyu.

Da magariba ta shirya mana abinci a kan tebur mai kujeru, wanda Ummaru ya saya don ita. Shinkafa ce dafa-duka, amma ba ja ba, ruwan ƙasa, da kaza da nama mai hayaƙi da jatan lande, ƙamshinta har ƙofar gida. Ta ce sunanta jambalaya. Maryam ta fara zuba wa Gwaggo, ta ajiye mata a gabanta, ta koma ta zauna daidai fuskarta, ta yi tagumi tana kallon ta. Gwaggo ta ja mayafi, ta kalli bango, ta ce ita ta ƙoshi. Malam Habu kuwa bai san ana yi ba. Ya ci ya yi ƙari, da aka kawo wani farin kek mai sanyi da jan abu a kansa sai ya zaci man shanu ne, ya yanko ya ɗora a kan shinkafa ya cakuɗa. Ummaru ya yi dariya har da ƙwarewa. Maryam ta yi murmushi, ta ɗauki farantin Gwaggo yadda ta ajiye shi ta shiga madafa, na daɗe ina jin ruwa yana zuba.

Gaskiya a lokacin ban ga laifin Gwaggo ba. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta tauna a gaban matar ɗanta na fari? Maryam ce ma na ga ta cika ido, ta tsare tsohuwa da kallo kamar likita.

Muka je Makka muka yi umra. Wannan ba zan haɗa shi da labarin shinkafa ba. Na dai ga Ka'aba, na zauna na yi kuka har na gode Allah.

Da muka dawo Jidda na ce wa Maryam sai ta koya mini shinkafar nan. Muka je kasuwar kifi da safe, ita tana zaɓa da ido, ni ina ciniki da hannu, don babu mai jin Larabci a cikinmu. Mai jatan landen ya bar mu muka gama bebantaka, sannan ya ce da Hausa, "Hajiya, ku ɗauka, na sallama." Kakansa mutumin Haɗeja ne.

Tukunyarta baƙar ƙarfe ce mai nauyi, ta kakarta, a jirgin ruwa ta zo da ita. Ta fara soya naman. A garinsu da na alade ake yi, ita ta faɗa mini da bakinta, amma a nan na sa take samu ta yi masa hayaƙi a soron gida. Ta bar shi ya soyu har ya kama gindin tukunya. Na ce ya ƙone, ta ce bai ƙone ba, launin ke nan. Ta sa kaza, ta kwashe, ta zuba albasa da tattasai kore da wani ganye mai dogon kara wai shi seleri, tana kankare abin da ya kama har albasar ta yi duhu. Ni kuma don in nuna ni ma mace ce, na yanka tumatir cike da kwano na miƙa mata. Ta kalli tumatirin kamar na miƙo mata ƙadangare. Ta ce ja ta mutanen birni ce, su mutanen fadama ba su sa shi. Ta zuba romo da barkono da shinkafa, ta rufe, ta rage wuta. Can na kai hannu zan buɗe in juya, kamar yadda kowace 'yar halas take yi, ta buge mini hannu da cokali. Ba a buɗewa, ba a juyawa, zama ake yi a jira.

Muna zaman jiran ne ta faɗa mini. Jirgin su Ummaru zai koma Amirka a ƙarshen wata, za ta bi shi ta haihu a gaban mahaifiyarta, kuma ba za ta dawo ba. Ummaru bai san wannan na ƙarshen ba.

"Tsohuwar nan ƙyama ta take," ta ce. "Tun da na zo ba ta taɓa sa abincina a bakinta ba. Tana ganin hannuna hannun mai taɓa alade ne. Ina tashi daga tebur take juye shi a kwanuka ta aika wa maƙwabta, ina gani ta taga. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Da Ummaru ya ce mata zan je gida haihuwa, ko tunani ba ta yi ba, ta ce in je."

Na ce, "Shi Ummarun me ya ce?"

"Wai kunya take ji. Kunya! Matar da take yi wa mai ruwa tsawa har jakinsa ya firgita? A gidanmu idan ka girka wa mutum abinci sai ka zauna ka ga ya ci. Wanda ya ƙi cin abincinka kai ya ƙi."

Na yi ta bayani da Faransancin lekol, amma babu darasin da aka taɓa koya mana a kan kunyar suruka. Ta saurare ni cikin ladabi, irin sauraren da ake yi wa mai kare danginsa.

Kashegari na shiga gaida maƙwabciyarsu, Hajiya Sa'a, Bahaushiyar Sudan mai sayar da turare. Ko zama ban gama yi ba ta ce, "Yaushe amaryarku za ta sake shinkafar nan? Gwaggonki ta dame mu. Kullum sai ta aiko da ɗan kaɗan a gindin kwano, ta biyo bayansa tana cewa mu ɗanɗana mu ji abin da surukanmu ba su iya ba. Mai yawan kuwa ɗakinta take kaiwa, ta sa sakata ta cinye, wallahi har ƙanzon."

Ban sha shayin da ta zuba mini ba. Na koma na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Da yake ni uwarta ce a suna, ina da bakin da Ummaru ba shi da shi.

"Gwaggo, yarinyar nan tafiya za ta yi."

"Na sani, Uwata, ai ni na ce ta je. Haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Ko don ina son ganin jikana sai in danne wa 'yar mutane haƙƙinta?"

"Ba za ta dawo ba."

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

Na ce, "Ta ce ƙyamar ta kike, shi ya sa ba kya cin abincinta, kina rabar wa maƙwabta."

"A'uzu billahi! Ni? Ya Rabbi! Ni da ban san ina da haƙori ba sai da yarinyar nan ta zo gidan nan? So take in zauna a kan kujera kamar alƙali, in wage baki a gaban matar yaron nan tana ƙirga mini loma? Me na zama?"

"Ta ce ba ki taɓa faɗin sunanta ba."

"Shi ma ban taɓa faɗin nasa ba, kuma ni na haife shi."

Na ce ita dai ga abin da ta gani, kuma jirgi ba ya jiran kowa. Gwaggo ta kwashe gyaɗarta ta shige ɗaki, ranar ko mai ruwa bai ji muryarta ba. Tausayinta ya kama ni. Ta bar garinsu da danginta, abin da ya rage mata na gida shi ne wannan kunyar, ta riƙe ta tsawon rayuwarta a ƙasar mutane, ga shi yanzu tana neman raba ta da jikanta.

Na kai wa Maryam maganar Hajiya Sa'a. Ta girgiza kai, ta ce ta gode da ƙoƙarina.

Ranar Alhamis ta ce za ta yi mana kek ɗin, don mu ma tafiyarmu ta kusa, kuma tana so Malam Habu ya ci shi ba tare da shinkafa ba. Cukun da ake yin sa da shi babu a kasuwar unguwa, don haka ta ɗaure kindirmo a farin ƙyalle ta rataye ya tsane har ya yi kauri. Ni aka ba dakan biskit, aikin da ta ga ba zan ɓata ba. Ta kwaɓa garin da man shanu ta danne a gindin faranti, ta buga kindirmon da ƙwai da sukari da ɗan lemun tsami ta zuba a kai, ta sa a tanda. Da ta fito da shi tsakiyarsa tana rawa, na ce bai nuna ba, ta ɗaga cokali, na mayar da hannuna baya. A firiji ya kwana. Da safe ta dafa wasu ƙananan 'ya'yan itace da ake kawowa daga duwatsun Ɗa'if, ana ce musu tut, ga ido kamar ƙananan ɗinya, ga baki zaƙi da tsami. Ta ce irinsu suke tsinka a bakin fadama suna yara. Ta malala su a kai, ta daɗe tana gyara gefensa.

Maza suka tafi masallacin Juma'a. Muna madafa, shinkafa ta nuna, sai muka ji ana jan tabarma. Gwaggo ce. Ta shimfiɗa ta a cikin madafar, dab da bango, ta zauna ta fuskanci bangon, ta ba mu ƙeya. Ta gyara mayafi kamar mai shirin shan magani.

"Uwata," ta ce, "ce wa 'yar mutane ta zubo."

Na faɗa wa Maryam. Ta kalle ni, ta kalli ƙeyar, ta zuba a faranti ta ajiye a gefenta ta ja da baya. Gwaggo ta yi bisimilla. Ba mu ga bakinta ba, amma mun ga gwiwar hannunta tana hawa tana sauka, mun ji ƙasusuwan kaza suna faɗa wa kwano. Can sai ga hannu ya zagayo ta baya, riƙe da faranti, babu ko ƙwayar shinkafa.

"Ce mata barkono bai ji ba. Ta ƙaro. Da farin abin nan mai sanyi, wanda mijinki ya wulaƙanta."

Maryam ta tambaye ni me ta ce. Na fassara, har da barkonon. Ta sa bayan hannu ta toshe baki, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne.

"Kuma ce mata," in ji Gwaggo, har yanzu da bango take magana, "in ta ga dama ta zauna. Mutanen can ba su san ruwan zafi ba, za su bar mini ita da sanyi a jiki. Ni zan yi mata wankan jego da hannuna."

Wannan ya ba ni wuyar fassara, don sai da na yi bayanin ganye da tafasasshen ruwa da kunun kanwa. Idon Maryam ya yi waje. Ta ce, "Tafasasshe?" Na ce kusan haka. Sai ta ce, "Ki ce mata zan tsaya in gani."

Ta cika farantin Gwaggo, ta yanko kek babba ta ajiye a gefe, ta zuba nata. Na zaci kujera za ta ja. Sai ta dafa bango ta sauka a hankali da cikinta, ta zauna a kan tabarmar tana fuskantar ƙofa, ta jingina bayanta da bayan Gwaggo. Na ga kafaɗun tsohuwar sun sandare.

"Uwata," ta ce, "kin ga rashin kunyar 'yar mutane?"

Na ce na gani, Gwaggo.

Gwaggo ta ja farantin kek gabanta. Ba ta matsa ba.